Kwamfutar da Ta Koyi Kara

Mako uku kacal na yi ina koyon rubuta wa kwamfuta umarni, kaina ya kumbura har ɗankwali ya fara yi mini kaɗan. Ni malamar firamare ce a Hadejia, aji huɗu nake koyarwa. A shekarar da nake ba ku labari na shiga wata cibiya da ke bayan tasha, inda ake koyar da mu bayan la'asar, mu tara a ɗaki ɗaya mai fanka biyu, ɗayar ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Ranar da na rubuta layi biyu kwamfuta ta fito mini da sallama a fuskarta, da baki na amsa mata, da ƙarfi, har da wa barakatuhu. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa ko a jikina. Na hau adaidaita zuwa gida ina kallon mutanen gari ina tausaya musu, don ba su san wadda ke wucewa ba.

Mai koyar da mu Injiniya muke ce masa. Dattijo ne siriri, da gyaran rediyo ya fara tun muna goye, kuma bai taɓa ɗaga murya ba. Magana ɗaya yake maimaita mana kullum: "Kwamfuta ba ta ƙarya, amma ba ta da hankali ko na anini. Abin da kika ce shi za ta yi, ba abin da kike nufi ba."

Na sha wahalar gane wannan. Da farko in jan rubutu ya fito, alamar na yi kuskure, rufe laftof ɗin nake yi da sauri kamar na ga maciji a tukunya. Sai Injiniya ya zo ya buɗe ya ce, "Malama, karanta mana. Ba zagin ki take yi ba. Gaya miki take inda ke mata ciwo, har da lambar layin." Akwai ranar da na yi la'asar guda ina gyara abu a fayil ɗaya ina kunna wani fayil daban, ina rantsuwa cewa na'urar ta raina ni. Akwai ranar da na ce ta ba ni ɗaliba ta ɗaya a jerin ajina ta ba ni ta biyu, ashe ita daga sifili take fara ƙirga, abin da a ajina zai sa yaro ya tsaya a rana. Duk na haye waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na haye sai in ƙara jin cewa saura kaɗan a aiko mini da mota daga Abuja.

Da wannan kan na je ƙauyenmu wata Asabar, can wajen Auyo. Na tarar da Baba a zaure ya zabga tagumi, abin da ba halinsa ba ne.

Ga yadda abin yake. Su goma sha huɗu ne suka haɗu suka sayi injin ban ruwa ɗaya don noman shinkafar rani, Baba ne shugabansu. Injin na kowa ne, amma tiyo kowa da guntunsa. Masu gona a bakin kogi guntu ɗaya ya ishe su. Gonar Baba ita ce can ƙurya, bayan kowa, kuma ruwa ba ya isa gare ta sai an jona tiyon mutum goma sha huɗun nan baki ɗaya. Duk shekara sai an yi rigima a kan wa zai fara sha, amma a bana ta kai inda huɗu daga cikin na bakin kogi suka ce sun gaji, in ba a fito da jeri tsayayye ba kowa ya ɗauki tiyonsa ya san inda dare ya yi masa. An riga an zuba iri, ya tsiro, ruwan da ambaliya ta bari a kududdufai yana janyewa, zafi ya fara shigowa. In suka watse, shinkafar Baba ba za ta ga ɗigon ruwan kogi ba a shekarar.

Mai hankali da ta tausaya masa ta yi shiru. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Baba, ai wannan aikin minti biyar ne a kwamfuta."

Ya ɗago ya dube ni. "Ta iya rabon ruwa?"

"Baba, jirgin sama ma ita ke tuƙa shi."

Washegari bayan azahar ya tara su a gindin tsamiyar ƙofar gidan bulama, mai garinmu, ya ce musu ranar Juma'a bayan an sauko za a karanta jeri, kuma na'ura ce za ta fitar da shi, ba shi ba, ba wani ba. Suka yarda za su jira zuwa Juma'ar, ba ƙari. Inna ce ta ba ni labari, ta ce har ya buga sandarsa a ƙasa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, amma a ranar ni ban ji komai a wuyana ba sai daɗi.

Kafin in koma na tambaye shi yadda aka saba yi tun da. Ya ce babu wuya, doka biyu ce. Ƙarami ya jira babba. Wanda ya yi karatu a wani gida kuma ya jira mutanen gidan malaminsa. Ya lissafo mini su duka, da shekarun kowa gwargwadon yadda aka sani, da zauren da kowa ya yi karatu. Na rubuta a takarda na cusa a jaka.

A nan na yi abin da ya kusa kashe ni. A cikin sha huɗun nan akwai Baba, akwai kuma surukina, mahaifin mijina, wanda duk ƙauyen ke kira Baba Malam. Da na zauna ranar Litinin zan shigar da sunaye, hannuna ya ƙi. Sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, yau in danna shi harafi-harafi a gaban mutane, a na'urar da ko alwala ba ta yi? Na Baba ma nauyi ya yi mini. Sai na ce to kowa ya huta, na ba kowa lamba, daga ɗaya zuwa sha huɗu, na bar sunayen a takardar da ke cikin jaka. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabara.

Hanyar da aka koya mana ta jera abubuwa mai sauƙi ce. Ka ɗauki biyun da ke kusa da juna, ka duba wa ya kamata ya gabata, in ba daidai suke ba ka sauya musu wuri, ka matsa gaba. In ka kai ƙarshe ka dawo farko, ka yi ta yi har sai ka zagaya sau ɗaya ba ka sauya kowa ba, sannan ka tsaya. Na rubuta dokar shekaru. Na rubuta dokar gidan malami a ƙarƙashinta. Na kira matar da ke zaune kusa da ni ta zo ta kalli tarihi, na yi bisimilla na danna.

Shiru.

Babu jan rubutu, babu jeri, babu komai sai ɗan farin ɗigon nan yana ƙyafta mini ido. Muka jira. Matar ta ce ko tana tunani ne. Na ce mata ai aikin babba ne, dole ta yi tunani. Bayan minti goma fankar cikin laftof ɗin ta fara huci, ƙasansa ya ɗau zafi har ana iya ɗumama tuwo a kai. Injiniya ba ya nan a ranar, ya tafi ta'aziyya Miga, sai Laraba zai dawo.

Ba zan ɓoye muku abin da na yi a kwana biyun nan ba, ko da wani ɗan koyo zai ji sanyi a ransa. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Na ce zafi ne, na ɗora laftof ɗin a kan murfin randa ya sha sanyi. Na ce cutar kwamfuta ce, na sa aka bincika mini a shago, aka ce lafiyarsa ƙalau. Na shiga intanet na kwafo wani dogon rubutu da wani bawan Allah ya ce yana jera komai, na manna a cikin nawa ban karanta ba, ya haifa mini jan rubutu shafi guda, na goge. Na sauya abu goma a lokaci ɗaya, na manta waɗanne ne, har na rasa yadda asalin yake, sai da na sake rubuta shi daga farko, ya sake yin shirunsa daidai yadda ya yi jiya. Mijina, wanda gyaran babura ne sana'arsa, ya leƙo ya saurari hucin ya ce a ganinsa a kwance ta a wanke da fetur. Na ce ya fita mini daga ɗaki. Ya fita, ya dawo ya tofa mata addu'a, ya sake fita.

Injiniya ya taɓa gaya mana cewa in abu ya cije, ka sami wanda bai san komai ba ka yi masa bayani layi-layi, sau da yawa a bakinka za ka ji kuskuren. Ranar Talata da yamma na tsuguna a tsakar gida na yi wa agwagwata bayani tun daga layin farko. Ta saurare ni da ido ɗaya har na kai dokar shekaru, sannan ta juya ta tafi wajen kwatami. Maƙwabciyata tana leƙe ta saman katanga, kuma har yau ba ta daina tambayata ya jiki ba.

Dariya nake yi yanzu, amma a lokacin tsoro ne ya cika ni. Baba ya buga waya sau biyu, kuma ba ya tambaya kai tsaye. Sai ya ce, "Ya na'urar, ta tashi lafiya?" In ce lafiya lau, tana kan aiki. Ban yi ƙarya ba, tana kan aikin. Amma duk sanda na ajiye wayar sai in ga fangalin irinsa a idona, can ƙurya, ƙasa tana tsagewa a kewayensa, duk saboda bakina ya fi ilimina tsawo.

Laraba na riga kowa zuwa cibiya. Injiniya bai ko zauna ba na tare shi da cewa laftof ɗina ya mutu. Ya sa tafin hannu a ƙasansa ya ce, "Matacce ba ya zufa, Malama. Wannan gudu yake yi, bai san inda zai tsaya ba ne. Kin tambaye ta abin da take yi?"

Na ce yaya za a yi in tambaye ta.

Ya sa na ƙara layi ɗaya tak, wanda ke cewa duk sanda ta sauya wa mutum biyu wuri ta faɗa. Na danna. Na'urar da ta yi kwana biyu ba ta ce uffan ba ta ɓalle da surutu, rubutu yana zubowa har ido ba ya iya bi. Ya tsayar da ita muka karanta. Da farko lambobi iri-iri ne, kowa yana neman wurinsa. Daga nan sai abu ɗaya har ƙasa: uku ta ba sha ɗaya wuri, sha ɗaya ta ba uku wuri, uku ta ba sha ɗaya wuri, sha ɗaya ta ba uku wuri.

Na ce, "To me ya haɗa su?"

Ya aike ni bakin ƙofa inda 'yan aji ke tuɓe takalma, ya ce in ɗebo guda sha huɗu. Na jera su a kan siminti, ya miƙo mini alli na rubuta lamba a kan kowanne, masu takalman suna ƙorafi. Ya ce, "Yanzu ke ce kwamfuta. Cire hankalinki ki ajiye a kan benci. Abin da kika rubuta kawai za ki bi."

Na durƙusa na fara. Wannan ya girmi wannan, na sauya. Wannan ya yi karatu a gidan su wancan, na sauya. Takalma suka yi ta komawa wurarensu har na zo kan wani silifas shuɗi mai lamba uku da wani takalmin fata mai lamba sha ɗaya. Dokar shekaru ta ce uku ya girmi sha ɗaya da damina biyu, na sa silifas a gaba. Dokar gidan malami ta ce uku a zauren mahaifin sha ɗaya ya yi karatu, na sa takalmin fata a gaba. Tunda na sauya wani abu, dole in sake zagayowa. Na zagayo, silifas gaba. Takalmin fata gaba. Sai da na yi haka sau biyar, gwiwoyina suna ciwo, 'yan aji sun kewaye ni suna ƙirga mini, sannan na zauna daɓas a ƙasa.

Injiniya ya ce, "Su wane ne waɗannan bayin Allah?"

Na zazzage jakata na nemo takardar. Lamba uku Baba ne. Lamba sha ɗaya Baba Malam.

Na yi dariya har hawaye suka wanke mini kwalli. Da sunaye na sa tun farko, da ko rubutun ban gama ba zan gane, don na san mutanen nan biyu. Ko ƙofar masallaci suka haɗu sai sahu ya kusa cika suna tsaye, wannan yana cewa bisimilla, wancan yana cewa a'a, bisimilla dai. Na ɗauki karar da suka shekara arba'in suna yi wa juna na ɗura wa na'urar da ba ta gajiya, ita kuwa ta riƙe amana.

Da na lafa na ce wa Injiniya ya nuna mini layin da zan gyara. Ya girgiza kai. Ya ce rubutuna ba shi da laifi, abin da na ce shi ta yi. Dokokin ne suke karo, kuma ko dai ɗaya ta hau kan ɗaya, ko a nemo wata daban. "Wannan ba a ajin nan ake gyara shi ba, Malama. A ƙauyenku ake gyarawa."

Na fita waje na kira Inna na ba ta labari. Ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce ai daga nan rigimar take tashi duk shekara. Ranar fara ban ruwa su biyun za su tsaya a kan injin suna miƙa wa juna bakin tiyo har rana ta take, sai wani marar haƙuri ya fizge ya kai gonarsa, na kusa da shi ya ce ai na girme ka, shi ke nan an kaure. Na ce to me ya sa Baba bai gaya mini ba? Ta ce, "Shi ya sa ya ce a kai wa na'ura mana. Ya ɗauka ita ba ta da suruki."

Alhamis ana tashi daga makaranta mijina ya ɗauke ni a babur muka nufi ƙauye. Muka raba aiki, shi ya je wajen mahaifinsa, ni na je wajen nawa. Baba ya ce in sa Malam a gaba, ɗan malaminsa ne, ba zai sha ruwa gonar gidan da ya koyi Fatiha tana jin ƙishi ba. Mijina ya dawo ya ce Baba Malam ya ce ko a mafarki ba zai gabaci yayansa ba, balle ga surukuta. Muka sake komawa, kowa da sabuwar dabara, muka dawo da amsa iri ɗaya. A zagaye na uku mijina ya kashe babur ya ce shi ba kwamfuta ba ne, mansa ya kusa ƙarewa.

A kan hanyar shigowa na lura da wani abu, sai a lokacin ya dawo mini. Fangalan irin da ke gefen hanya ba tsayinsu ɗaya ba. Wasu sun kai taƙi guda sun yi cunkus, suna neman a cire su a dasa, wasu kuwa ko rabin haka ba su kai ba. Wanda ya girma in bai sami gona mai ruwa an dasa shi ba, tsufa zai yi a fangali ya lalace. Na koma zaure da gudu har mayafina yana faɗuwa.

"Baba, a bar maganar shekaru, a bar maganar zaure. A tambayi shinkafar. Wanda ya riga zuba iri shi zai riga sha."

Ya daɗe yana kallon ƙofa yana murza gemunsa. Ni kuwa ina tsalle a raina, na ɗauka hikimata ce ta ɗaure masa kai. Can ya ce, "Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Babu mai ja da wannan. Je ki yi."

Mijina ya bi su gida-gida ya karɓo ranar da kowa ya zuba iri. Ba mai iya ƙarya a kai, don kowa ya ga na kowa. Ya rubuta a gaban lambobina, na karɓa na cusa a jaka ban duba ba, muka kamo hanya kafin magariba ina rera waƙa a bayan babur.

Juma'a da safe, lokacin tara, na zauna a ofishin malamai na goge dokoki biyun nan na rubuta guda ɗaya. A wannan karon sunaye na sa, na runtse ido na danna na surukina da yatsa ɗaya ina neman gafara. Na yi bisimilla. Kafin in ɗauke yatsana jeri ya fito, sha huɗu cif, babu huci, babu jan rubutu. Na miƙe na taka rawa a tsakanin tebura, na rungumi malamar aji biyu da ke cin ƙosai ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sannan na zauna in karanta. Baba Malam ne na biyu. Na ci gaba da gangarawa ina neman Baba, na wuce biyar, na wuce goma, murmushina yana raguwa.

Shi ne na sha huɗu.

Na ce kuskure ne, kuma ban taɓa son kuskure kamar ranar ba. Na bi layi-layi, na duba ranakun sau uku, na kira mijina. Ya ce daidai ne. Irin Baba Malam danshin ambaliya ya ɓata shi a rumbu, sai Baba ya ɗauki nasa da ya riga ya jiƙa ya aika masa, shi kuma ya nemo wani ya zuba daga baya, bayan kowa. Injin gona biyu yake shayarwa a yini. Na sha huɗu sai yammacin kwana na bakwai, kuma kududdufin da ke kusa da fangalin Baba ya riga ya zama taɓo.

Yanzu na iya abin da zan iya cuta da shi. Layi ɗaya ne. Na rubuta shi, na ce in ta ga sunan Baba ta kai shi sama. Na danna, ga Baba a kan gaba, tsaf, ba wanda zai ce ba na'ura ce ta fitar ba. Na zauna ina kallonsa a can har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, kuma na ji daɗin kallon, ba zan ce ban ji ba. Sai na tuna kowa ya ga ranar da kowa ya zuba iri, kuma na bakin kogi ba yara ba ne. Na goge layin ina jin haushin kaina, da na Injiniya, da na wanda ya ƙirƙiro kwamfuta.

Muka buga takardar a shago muka isa ƙauye ana shirin tafiya masallaci. Ban iya haɗa ido da Baba ba, na shige wajen Inna. Da aka sauko suka taru a gindin tsamiya, ni da Inna muka laɓe a bayan dangar gidan bulama. Mijina ya faɗi dokar, aka yi gunaguni kaɗan aka yarda. Ya fara karantowa. Na ɗaya wani matashin magidanci ne da bai taɓa sha kafin kwana na biyar ba, har ya tambaya ko shi ake nufi. Da aka zo kan Baba Malam ya fara cewa a'a, a ba yayansa, bulama ya ce masa takarda ce, ba a yi mata kara. Aka ci gaba. Na bakin kogi suka faɗo a tsakiya, na ji ɗayansu yana cewa bari dai mu ji inda ta sa ubanta. Mijina ya karanta na sha uku, ya yi gyaran murya, ya karanta na ƙarshe.

Sai na ji dariyar Baba, irin wadda yake yi har kafaɗunsa na rawa.

"Na gaya muku ba ta san kowa ba," in ji shi. "To ga shi. Gobe da asuba kowa ya fito da tiyonsa."

Aka kwashe da dariya, har da mai maganar ɗazu. Ba wanda ya ce zai fita. Inna ta dafa ni ta ce in share fuskata kafin mutane su gani.

Da ya shigo gida na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ban san kai za ta mayar ƙarshe ba. Sai yau da safe na gani."

Ya ce, "Ni na sani tun jiya a zaure. Kina da bokiti a Hadejia, ko in ara miki na Innarki?"

Kwana shida muka yi muna ɗebo ruwa daga wani rami da ya haƙa a tsakiyar taɓon, shi da safe, ni in na taso daga makaranta, mijina yana sauke ni yana naɗe ƙafar wando shi ma. Baba Malam ya turo jarkoki biyu a kan jaki, Baba ya mayar da su, ya sake turowa, muka karɓe da Inna ba mu gaya wa kowa ba. Duk wanda ya wuce ta kan hanya sai Baba ya miƙe da bokiti a hannu, bayansa na ƙara, ya ce masa, "Ni ne na sha huɗu. 'Yata ce ta rubuta." Yana faɗa kamar sarauta aka naɗa shi.

Ruwan kogi ya iso ranar Juma'a da la'asar. Gefen fangalin da ke fuskantar yamma ya riga ya ƙone, wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma abin da ya rage bai cika gonar ba, ya bar ƙuryarta fili a shekarar. Bai taɓa ambata mini wannan ba, ni ce na auna da idona. Har yau in na rubuta abu ya yi aiki daidai, ba na tashi rawa sai na gangara ƙasa na ga wa ke ƙarshe.